Allurar Shanu a Cinyar Auta

Ƙanena yatsu uku ne a hannunsa na dama. Babban yatsa da manuniya babu su, kuma ni ne sanadi. Mutanen unguwarmu Roumdé Adjia da suka san mu sun ɗauka wuƙa ce ta ci shi, tunda mu mahauta ne, shi kuwa bai taɓa gyara musu zancen ba. Ni ma ban gyara ba. Yanzu na tsufa, idona ya fara gajiya, ina so in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro.

Fawa muka gada. Kakanmu fatauci ne ya kawo shi Garoua daga Nijeriya, ya zauna, ya kama yanka, mahaifinmu ya karɓa daga hannunsa, ni kuma na karɓa daga mahaifinmu. Ƙanen nawa shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kowa Auta yake ce masa har ya yi aure ya haihu. Na girme shi da shekara goma sha biyu. Da mahaifinmu ya rasu ni na zama uba a gidan, teburin nama yana hannuna, abin da na ce shi ake yi.

Ni na iya ciniki da yankan nama, amma fiɗa ta Auta ce. Idan an yanka rago, zai tsaga daga wuya zuwa ƙasa, ya buɗe ƙafafu, daga nan sai ya ajiye wuƙa a gefe. Dunƙule hannu yake yi ya tura tsakanin fata da nama, babban yatsa yana gaba yana neman hanya, fatar tana rabuwa kamar ana cire wa yaro riga. Ba huji ko ɗaya, ba nama da ya bi fata. Masu sayen fata idan sun zo mayanka sukan ɗaga fatun suna duba su a hasken rana, in sun zo kan nasa ba sa ɗagawa, sun san hannun.

A garinmu ranar Layya maigida ne yake yanka ragonsa, amma fiɗa da gyaran nama sai an kira mahauta. Tun saura wata ɗaya ake kama mu. A shekarar da nake magana na amsa wa gidaje da yawa, har sun fi ƙarfin mutum biyu in ba Auta ne ɗayan ba. Duk gidan da na amsa wa sai maigidan ya ce, «Da Auta za ka zo, ko?» Ina jin daɗin wannan tambaya kamar hannuna ake yabo.

Saura kwana biyar Sallah, muna mayanka da sassafe, Auta yana saran haƙarƙarin saniya da gatari, sai sartsen ƙashi ya shige masa a gindin babban yatsa. Abu ɗan ƙarami. Ya cire da haƙori, ya tsotse jinin ya tofar, ya yagi tsumma ya ɗaure, muka ci gaba da aiki. Babu mahaucin da yake tsayawa don wannan.

Washegari wurin ya yi ja. Kwana biyu sai gindin yatsan ya kumbura kamar ƙosai, fatar tana sheƙi, in ka taɓa zafi kamar an ɗora a kan murhu. Ya zo teburi yana riƙe da hannun sama, a jikin ƙirjinsa.

«Yaya, hannun nan bugawa yake yi. Har kaluluwa ta fito mini a hammata.»

«Kai da aka sani da son jiki. Sartse ne fa, ba kahon sa ba.»

«Jikina ma zafi yake. Jiya ko tuwo ban iya ci ba.»

«To, lallai abin ya kai. Ranar da ka bar tuwo sai a kira liman.»

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Na ce ya koma gida, zan biyo shi da azahar.

Na same shi kwance a tabarma a zaure. Na kwance tsumman. Ciwon ya yi ɓawo a sama, ƙarƙashinsa ya yi tauri. Na sa aka kawo ruwan ɗumi, na ɓamɓare ɓawon da farce, na kama wurin da yatsu biyu na matsa da ƙarfina. A tunanina ƙazanta ce ta taru, in ta fita shi ke nan. Mugunya kaɗan ta fito, sauran jini. Auta ya ciji wuyan rigarsa.

Matarsa tana bayan labule. Tsakanina da ita akwai kunya, kamar yadda aka saba tsakanin mace da yayan mijinta, ba ta cika yi mini magana ba sai gaisuwa. Ranar ta yi.

«Yaya, da an kai shi lopital.»

«In an kai shi asibitin me za su yi? Su naɗe hannun da farin ƙyalle su ce ya huta kwana goma. Sallah kuma saura kwana uku.»

«To,» ta ce. Na ji tafiyarta ta koma ciki.

Ina da wani aboki dillalin shanu, Bafulatani mutumin Banyo, mun daɗe muna hulɗa. Shanun da ake kawowa daga nesa wasu sukan iso da ƙafa a kumbure, jiki da zafi, kunnuwa a sake, ba sa ko kallon ciyawa. Akwai wata allura da ake yi musu. Yau aka yi, gobe sai ka ga saniya ta miƙe tana cin abinci, kumburin ya saɓe, mai saye ya zagaya ta bai ga aibi ba. Duk wanda yake harkar shanu ya san wannan allura. Ni kuma na san abin da ya fi haka, domin ni nake buɗe cikinsu. Sau da yawa irin waɗannan shanun in suka ƙara mako kafin a yanka, nakan tarar da ruɓa ta bi gaɓa ta haura, naman wurin ya yi baƙi sai an yanke an zubar. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Wannan nake so a riƙe, kada wani ya ce rashin sani ne.

Na same shi a kasuwar shanu yana zaune a kan ƙaramar kujera yana shan shayi. Bayan gaisuwa na gaya masa abin da nake so.

«Saniyar taka babba ce ko ƙarama?» ya tambaye ni.

«Mai ƙafa biyu ce.»

Ya ajiye kofin ya dube ni. «Ku Hausawa, in an bar ku har gishirin shanu sai kun sa a miya.»

«Ku kuma in an bar ku sai kun kwana ɗaki ɗaya da su. Ba ni kwalbar.»

«Ka ji ni da kyau. Mu ma ba mu ce tana warkarwa ba. Tayar da su take yi zuwa ranar kasuwa.»

«Ni ma zuwa ranar Sallah nake so. Bayan Sallah in kai shi lopital da kaina.»

Ya girgiza kai, amma ya ba ni. Ba na ɗora masa laifi. Ya faɗi gaskiya, ni ne na zaɓi abin da zan ji.

Bayan la'asar na koma zauren Auta da kwalbar da sabon sirinji da na saya a farmasi. Ya karɓi kwalbar da hannun hagu ya juya ta.

«Yaya, hoton saniya ne fa a jiki.»

«Kai da saniya wa ya fi wani ci?»

«Amma ita ba ta da mata da 'ya'ya biyu.»

«Kaɗan zan sa maka. Juya.»

Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya juya ya ɗaga wandonsa. Na soka masa a cinya. Washegari na ƙara masa wata.

Abin ya yi aiki yadda na sani. Ranar jajibere zazzaɓin ya sauka, kumburin ya saɓe har fatar ta yi tamoji, jan ya dusashe. Ya ci tuwo kwano biyu. Na tsaya a bakin labule na ce wa matarsa, da murya yadda za ta ji, «Ga lopital ɗinki nan ya tashi.» Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake tunawa in ina alwala in ji kamar in nutse.

Ranar Sallah daga saukowa idi muka fara. Gida bayan gida, ni ina sara ina rarraba nama, shi yana fiɗa yana fitar da kayan ciki. Hannun nan mai ciwo ya shiga cikin tumbi da hanji, ya shiga ruwan wanke kayan ciki da ya yi kore, tsumman da ke ɗaure ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Bai yi ƙorafin zafi ba. A gida na bakwai ko na takwas sai na ga ya tsaya yana kallon fata. Ya huda ta. Ban taɓa ganin ya huda fata ba tun yana saurayi.

«Yatsun ne suka yi mini nauyi,» ya ce. «Kamar ba nawa ba.»

«Gajiya ce. Saura gida uku.»

Washegarin Sallah ma muka fita, don akwai masu yanka a rana ta biyu.

A rana ta uku da safe, ina shirin fita, sai ga matarsa da kanta a ƙofar gidana da mayafi. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, «Ka zo ka ga ƙanenka.» Na same shi yana rawar sanyi ƙarƙashin bargo biyu, a zafin Garoua, yana magana da mahaifinmu da ya daɗe da rasuwa. Na ɗaga hannun. Bai kumbura kamar farko ba, amma yatsu biyun sun yi duhu, wani jan layi ya tashi daga wuyan hannu ya wuce gwiwa. Sannan warin. Na san warin nan, shi nake ji in na buɗe gaɓar saniyar da aka yi wa allura.

Muka hau moto, wato babur, zuwa lopital, mai moto a gaba, Auta a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi. Matarsa ta biyo mu a wani.

Likitar da ta karɓe shi mace ce, 'yar kudu, ta manyanta, tana jin Fulatanci sosai duk da harshenta yana karkata shi. Da shi muka yi magana, inda ya gagara ta ƙara da Faransanci. Ta duba hannun, ta tambaye ni yaushe ya ji ciwon, na faɗa. Ta ce me aka sa masa, me ya sha. Na ce ruwan ɗumi da gishiri kawai. Auta yana kwance idonsa a buɗe, a lokacin hankalinsa ya ɗan dawo, ya dube ni ya kawar da kai. Matarsa ta san an yi allura amma ba ta san wace iri ba, kuma ba za ta ƙaryata yayan mijinta a gaban baƙuwa ba. Kwalbar tana cikin aljihuna. Na ɗauko ta ne da niyyar in jefa ta a kogin Binuwai daga kan gada.

Suka sa masa ƙarin ruwa da magani, suka tsaga hannun suka wanke. Ranar ta wuce haka, ina zaune a baranda ina amsa gaisuwar masu dubiya.

Da safe likitar ta kira ni gefe. Ta ce, «Baba, akwai abin da ban gane ba. Mutum mai ƙarfi kamar wannan, mun duba ba shi da ciwon suga, ba shi da wata cuta da ke raunana jiki. Ya kamata jikinsa ya tsare ciwon nan a wuri ɗaya, ko ya yi faɗa da shi fiye da haka. Kamar an ɗaure masa hannu aka bar ɓarawo ya shiga. Ka tabbata babu abin da aka ba shi?»

Na sa hannu a aljihu na miƙa mata kwalbar.

Ta karanta rubutun jikinta. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Ta tambaye ni sau nawa, da yawan da na sa, ta kira wani ma'aikaci ta ba shi umarni da Faransanci da sauri, ya tafi. Sannan ta nuna mini benci ta ce in zauna, ita ma ta zauna. Abin da ta gaya mini a wurin zan rubuta yadda na fahimta, don karatuna bai yi nisa ba.

Ta ce, «Kai mahauci ne. In ka cire wa dabba fata ka rataye naman a wannan zafi, yaya yake zama kafin yamma?»

Na ce ƙuda ya rufe shi, ya fara canza launi, gobe ya yi wari.

«Amma dabbar nan jiya tana tsaye a zafi ɗaya, cikin kashi da ƙuda, ba ta ruɓe ba. Me ya sa?»

Ban taɓa tambayar kaina wannan ba, shekara talatin ina yanka.

Ta ce ƙwayoyin cuta, waɗanda take kira mikrob, suna ko'ina, a wuƙa, a ƙashi, a ruwa, a kan jikinmu. Fata ita ce katanga ta farko. Inda babu fata kuma akwai wasu masu tsaro, majina a hanci tana kama su, hawaye yana wanke ido, yawu yana aikinsa a baki, ciki yana da tsami mai kashe su. In sartse ya huda katangar suka shiga, akwai masu gadi a cikin nama da jini da aka haife mu da su, fararen ƙwayoyin jini. Su ba sa tambayar sunan baƙo. Duk abin da suka ga ba na jiki ba ne sai su far masa su haɗiye shi, su yi kira wasu su zo. Akwai wata runduna ta biyu, in ji ta, wadda take koyon fuskar kowace cuta ta riƙe, ita ce allurar rigakafi take horarwa, amma ita sai ta ɗauki kwanaki kafin ta shirya. Kafin nan waɗannan na farko su ne suke riƙe ƙofa.

Ta kama hannuna ta nuna gindin babban yatsana. Ta ce jan da na gani da zafin wurin, hanyoyin jini ne suka buɗe don masu gadin su iso da sauri. Kumburin ruwa ne da su kansu da suka taru. Zugin yana hana mutum amfani da hannun ne don ya bar shi ya huta. Zazzaɓin jiki ne ya hura wuta don mikrob su kasa yaɗuwa da sauƙi, masu gadin kuma su ƙara sauri. Mugunya kuwa yawancinta gawarwakinsu ne, waɗanda suka mutu a wurin faɗan. Kaluluwar hammata shinge ce a kan hanya, inda ake tare abin da ya tsere daga hannu kafin ya shiga gari.

Tana faɗar haka sai na tuna likitan dabbobi da yake zuwa mayanka kowace safiya. Kafin ya buga hatimi a nama yakan nemi waɗansu 'yan ƙululu a wuya da cinya da kusa da huhu ya tsaga su ya duba. Mu muna ganin ɓata lokaci yake yi mana. Na kuma tuna yadda wani lokaci nakan tarar da mugunya a hantar saniya a ƙulle cikin wata jaka mai kauri, sauran hantar lafiya lau. Na gaya mata. Ta ce, «To, ka ga aikinsu ke nan. Sun kasa kashe abin, sai suka gina masa ɗaki suka rufe. Hannun ƙanenka ma abin da ya fara yi ke nan.»

Na ce, «Na matse shi.»

«Ka rushe bangon, ka tura su ciki.» Ta ɗaga kwalbar. «Wannan kuma ba ya kashe mikrob ko ɗaya. Masu gadin yake cewa su koma gida. Shi ya sa kumburi ya saɓe, zazzaɓi ya sauka, ka ɗauka an warke. Faɗan ne aka daina, don ɓangare ɗaya ya ajiye makami. Mu ma muna da irinsa a nan, muna amfani da shi in jiki ya wuce gona da iri wajen faɗa, amma da dalili, da awo, kuma ba a kan ciwo mai ruɓa ba tare da maganin kashe mikrob ba.»

Na tambaye ta ko da barin kumburin ya kamata in yi. Ta ce a'a, kumburi irin wannan kira ne jiki yake yi. Da an kawo shi ranar, da an wanke, an ba shi maganin kashe mikrob, in ya nuna a buɗe shi da wuƙa mai tsabta, ya huta. Aikin kwana kaɗan.

Sai na tambayi abin da ya fi damuna. Na ce, da na nuna mata kwalbar tun jiya, da yatsun sun tsira? Ta ce, «Ba zan yi maka ƙarya ba, ban sani ba. Wataƙila sun riga sun mutu kafin ku zo. Wataƙila da mun yi sauri da wasu abubuwa.» Da wannan amsa nake zaune har yau. Da ta ce mini e ko a'a da na san inda zan ajiye ta.

Bayan kwana biyu aka shiga da shi tiyata. Sun ceci hannun, suka cire yatsu biyu da wani ɓangare na tafin. Ya yi makonni a kwance. Ranar da aka fara buɗe ƙyallen a gabansa ina tsaye a wurin. Ya daɗe yana kallo. Abin da ya ce shi ne, «Yaya, fatar nan da na huda, ka gaya wa mai gidan ni ne, kada ya ce kai ne.»

Da ya warke ya gwada fiɗa da hagu. Wata uku yana fama, fatun suna fita da huji, masu saye suka fara ɗaga su a rana kamar na kowa. Wata safiya ya wanke wuƙarsa, ya naɗe ta a tsumma, ya ajiye mini a kan teburi ya tafi. Ya kwashe iyalinsa suka koma garin Guider wurin dangin matarsa, ya yi shekaru yana sayar da albasa da gyaɗa. Daga baya ya dawo Garoua, yanzu yaji da kayan miya yake sayarwa a bakin kasuwa, ba nisa da inda teburina yake.

Mutum yana sabawa. Ya koyi cin tuwo da yatsu uku, ya koyi ɗaura tazuge, in za a gaisa yakan miƙa hannun da sauri ya janye. Ni ne ban saba ba. Masallaci ɗaya muke salla, sau da yawa yana damana a sahu. In an zauna tahiya kowa ya ɗaga manuniya, sai idona ya sauka a kan gwiwarsa, in ga hannun a kwance.

Na daɗe ban nemi gafararsa ba. Na yi ta yi masa hidima a maimakon magana, in aika nama, in ɗauki nauyin wani abu na yaransa, ina ganin ya isa. Sai da muka yi furfura duka biyu, wata rana bayan azahar muna zaune a rumfarsa, na ce masa ya yafe mini.

«Ai ni na juya maka cinyata, Yaya. Ba ɗaure ni ka yi ba.»

«Da ka ce ba ka so, da na bari?»

Ya yi tunani, yana ƙulla yaji a leda da yatsunsa uku da haƙori. «Da ba ka bari ba.»

«To, ka gani.»

«Na gani tun a zaure. Na yafe. Amma kada ka mayar da ita waƙa, ka zo kana tambaya ta duk Sallah. Na san halinka.»

Matarsa ban sami wannan daga gare ta ba, kuma ban cancanci in nema ba. Tana gaishe ni yadda ya kamata, tana aiko mini da abinci in ba ni da lafiya. Sau ɗaya tak ta taɓa zancen, ranar da za su tafi Guider, kaya suna kan mota. Ta ce, «Na ce a kai shi lopital, Yaya.»

Tun da suka dawo, duk ranar Layya gidansa nake fara zuwa kafin in taɓa ragona. Shi zai yanka, yana riƙe wuƙar da hagu, ni in yi fiɗa. Yakan jawo kujera ya zauna kusa yana kallo, bakinsa ba ya hutawa.

«Ajiye wuƙar nan, Yaya, da hannu ake yi. Shekara nawa ina nuna maka?»

«Kai dai zauna ka yi shiru, sarkin fiɗa.»

«In yi shiru kana yanka mini buzu?»

Bara hannuna ya fara rawa saboda tsufa, na huda fatar wuri biyu tun ban kai rabi ba. Ya tashi daga kujerar ya ce in matsa. Ya durƙusa, ya dunƙule hannun dama kamar da, ya tura tsakanin fata da nama. Babu yatsan da zai shiga gaba ya nemi hanya. Hannun ya zame ya fito. Ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Ya tsaya yana kallon kitsen da ya shafe masa yatsu ukun, sannan ya goge a tsumma, ya koma kujerarsa.

«Ci gaba,» ya ce. «Rana tana yi, nama ba ya jira. Ka bi a hankali ta wajen ciki, nan fatar ta fi laushi.»

Na ci gaba, na bi a hankali ta wajen ciki.